Malam Zakariyya Tafinta, Mai Tambayar Wane Irin Haƙuri

Idan aka idar da sallar Asuba a masallacin layinsu da ke Tarauni, Malam Zakariyya ba ya komawa shimfiɗa. Tabarma yake ja zuwa ƙofar ɗaki, ya kunna 'yar rediyonsa, ya saurari labaran duniya da Turanci, yana mayar da su Hausa a bakinsa jimla bayan jimla. Matarsa Hajiya Uwani ta ce shekara talatin da biyar ke nan tana dama koko da wannan gunaguni a kunnenta, har ta kai idan ya yi tafiya kokon ma ba ya yin kauri. Cikin shekara biyun nan dai kullum sai ƙara wa rediyon murya ake yi, amma za mu zo kan wannan.

Ƙarfe bakwai yake zura farar riga, ya soke biro biyu a aljihu, ya ɗauki wani tsohon ƙamus da ya naɗe a leda, ya kama hanyar Gyaɗi-Gyaɗi da ƙafa. Masu shayi da masu faci na bakin hanya ba su ma san sunansa na yanka ba. Baba Tafinta kawai suke ce masa.

Tafinta ne a wata kotun majistare. Da Turanci ake shari'a a can, da Turanci ake rubutawa, mafi yawan waɗanda ake tsayarwa a akwati kuwa ko a makarantar boko ba su taɓa kwana ba. Shi ne yake tsayawa tsakani. Kuma yana da wata ɗabi'a da abokan aikinsa suka daɗe suna yi masa dariya a kai. Kafin alƙali ya zauna, sai ya zagaya ɗakin baya inda ake ajiye waɗanda ake tuhuma, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gaisuwa. Ina kwana, ya gida, daga wane gari? Ba ya taɓa tambayar kowa laifinsa. Harshen mutum kawai yake son ji, ko Sakkwatanci ne ko Guddiranci, ko mai in'ina ne ko mai haɗiye ƙarshen magana, don kada kunnensa ya fara haɗuwa da muryar a gaban alƙali. Masinjan kotun yakan ce, "Baba ya tafi gaida surukansa."

A wannan watan yake ritaya. Da ma ya isa a jinjina masa ko don shekarun nan kawai. Amma akwai abin da ya faru a makonsa na ƙarshe da ya sa aka ga rufe baki ba zai yiwu ba, kuma ba za a gane shi ba sai an koma baya shekara bakwai.

A wancan lokacin aka kawo wani direban adaidaita sahu, Audu, wanda bai fi shekara biyu da baro ƙauyensu ya tare da iyalinsa a Unguwar Gano ba. Wata mai shagon kayan yara, Madam Prisca, ta hau adaidaitarsa daga kasuwar Tarauni da jakar gana-mas-go cike da kaya. Da aka zo inda za ta sauka, jaka ta ce ɗauke ni inda kika ajiye. Ta yi kururuwa, mutane suka taru, magana ta kai kotu.

Ranar ana zafi kamar a bakin murhu, ga shari'u sun fi talatin a jere. Majistaren sabuwa ce, a Legas ta tashi, Hausarta ba ta wuce ta cefane ba. Aka karanta tuhuma, Malam Zakariyya ya fassara.

"Malam Audu, an ce ka yi sama da jakar matar nan. Gaskiya ne ko ba gaskiya ba ne?"

Audu ya dubi alƙaliya, ya dubi 'yan sanda, ya dubi Madam Prisca tana share hawaye. Sai ya cire hula ya durƙusa a cikin akwatin.

"Ranki ya daɗe, a yi haƙuri."

Kafin tafinta ya buɗe baki, mai gabatar da ƙara ya yi zumbur ya miƙe, ya ce da Turanci mutumin ya amsa laifinsa, sassauci yake roƙo. Biron alƙaliya har ya fara tafiya a kan takarda. Duk wanda ya san kotu ya san abin da ke biyo bayan wannan rubutun: ba sauran shaida, ba sauran tambaya, a ranar za a yanke hukunci.

Tafinta ba shi da hurumin katse kotu, ana iya korarsa a kan haka. Amma Malam Zakariyya ya ɗaga hannu ya nemi izini.

"Ya mai shari'a, ban da gaisuwa kalma uku ya faɗa, kuma ba amsa ba ce. Mutumin ƙauye idan ya ga babba ransa a ɓace, haƙuri yake bayarwa, ko da shi aka taka. A ba ni dama in sake tambayarsa."

Alƙaliya ta ajiye biro. Ya juya wajen Audu.

"Tashi tsaye, ɗan'uwa. Wannan haƙurin da kake bayarwa, wane iri ne? Na wanda ya ɗauka ne, ko na wanda ya ga manya sun taru saboda shi?"

"Wallahi tallahi ban ɗauka ba, Malam! Kunya ce ta kama ni, na ga an tara manyan mutane a kaina."

Aka rubuta ya musanta. Kwana goma sha ɗaya ya yi a tsare kafin a samu mai tsaya masa beli. Ba a daɗe da ba da belin ba sai wata tsohuwa ta zo tashar adaidaita da jaka a ka, tana salati. Ashe ita ma ta hau adaidaitar a ranar, ta sauka da jakar Madam Prisca tana zaton ta jikarta ce, don duk zanensu ɗaya. Madam Prisca da ƙafarta ta zo kotu ta janye ƙara. Har gobe idan ta ba da labarin sai ta dafe ƙirji. Ta ce ta durƙusa gaban Audu ta ce, "A yi haƙuri," sai ta ji Baba Tafinta daga baya yana cewa, "Yauwa, wannan kam ya faɗa inda ya dace."

Kai ne, Malam Zakariyya, wanda ya hana kalma uku cinye mutum. Ba ka sa baƙar riga ba, ba ka ɗora farin gashin nan na lauyoyi ba, sunanka ma ba ya fitowa a takardar hukunci. Amma kai ne ka san cewa "na ji" ba "na yarda" ba ne, kuma wanda ya ce "ba komai" wani lokaci komai da komai ne a ransa. Mutum nawa ne suke kwana a ɗakunansu yau saboda ka ƙi yin sauri? Kai kanka ba ka sani ba.

To a ranar da Audu ya durƙusa, akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya a bencin baya, maƙale da mayafin mahaifiyarta. Zahra'u ce, 'yarsa ta fari. Da aka tashi ta kutsa cikin mutane ta kama hannun rigar tafinta.

"Baba, ya aka yi ka san bai ɗauka ba?"

"Ban sani ba, 'yata. Tambaya na yi."

Wannan amsar ce ta hana yarinyar sakat. Bayan an sallami mahaifinta aka aiko ta da fura gidan Malam Zakariyya don godiya, daga nan kuwa ƙafarta ta saba. Duk Asabar tana tsakar gidan, Hajiya Uwani na tsintar shinkafa a gefe, shi yana karanta tsohuwar jarida, ita tana fassarawa. Idan ta yi gaggawa ya buga ƙamus a tabarma. "Ke, wa yake korarki? Bakin wani kika ara, ki mayar masa da shi yadda kika same shi." Lokacin hutu ya nemo mata izini ta riƙa zama a bencin baya. Idan an tashi, tambaya biyu yake yi mata a hanyar gida: me aka faɗa, me aka rubuta? Ranar da amsoshin biyu suka sha bamban, ba sa cin gyaɗar da ya saba saya musu.

Tana aji biyar na sakandare ta ce masa ita ma tafinta za ta zama. Hajiya Uwani ta ce ba ta taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Tafinta? Allah ya kiyaye! Ni bakin wani ne, sai an tambaya nake magana. Ranar babanki ma ganganci na yi, Allah ya rufa asiri. Ke ki zama wadda za ta miƙe da hurumi ta ce ban yarda ba, kuma dole a saurare ta. Lauya za ki zama."

Shi ya raka ta ofishin wata lauya mace ta ga yadda ake aiki, shi ya aro mata littattafai, shi ya zauna a gindin bishiya yana jan carbi ranar jarrabawar shiga jami'a. Da sakamako ya fito ta samu gurbin karatun lauya, sai da ya yi rawa a tsakar gida, tsoho da shi, maƙwabta na leƙowa ta katanga.

Murnar ba ta daɗe ba. Ranar Litinin ta makonsa na ƙarshe a aiki, bayan La'asar, Zahra'u ta yi sallama idanunta sun kumbura. Ranar Juma'a da rana za a rufe tantance takardu a jami'a, wanda bai je ba gurbinsa ya tafi. Mahaifinta kuwa ya kwashe takardar gurbin da duk sauran takardunta na makaranta, ya kulle su a akwatin da ke ƙarƙashin kujerar adaidaitarsa, makulli a wuyansa.

"Na roƙe shi, Inna ta roƙe shi. Ya ce malanta ko aikin asibiti, amma ban da kotu."

"Me ya ce daidai?" in ji Malam Zakariyya, yana miƙo mata kunnensa na dama. "Faɗa mini yadda ya faɗa."

"Cewa ya yi, a yi haƙuri."

Hajiya Uwani ta tafa hannu. "To ai shi ke nan, Malam. Uba ya ce a'a."

Ranar nan abincinsa na dare a kwano ya kwana.

Abu biyu ne suka haɗu suka dame shi. Na farko yarinyar, shekara bakwai na wahala za su bi ruwa cikin kwana huɗu, kuma shi ya ɗora ta a hanyar. Na biyu wani sirri ne da ko matarsa bai faɗa wa ba, ko da yake rediyo ya riga ya tona. Kunnensa na hagu ya mutu, na dama ma ya fara ja da baya. Shekara biyu yana shiga kotu da fargaba, yana karantar leɓɓan mutane, yana addu'ar Allah ya raba shi da aikin nan bai sauya wa kowa kalma ba. Yana tsoro ƙwarai. Kuma idan ya waiwaya bai ga wanda zai riƙa zagayawa ɗakin baya bayansa ba.

Ranar Talata ya je gidan Audu da sassafe, aka ce ya fita tun duku-duku. Ranar Laraba ya hango shi a bakin kasuwar Tarauni, ya ɗaga masa hannu. Audu na ganin farar rigar nan ya karya kan adaidaita ya faɗa wani lungu, har yana neman kwashe tiren mai awara. Mutumin da a da yake tsayawa ya durƙusa duk inda ya gan shi! Kwana biyu suka rage, Zahra'u ta daina cin abinci, mahaifiyarta ta aiko cewa yarinyar ta fara ninke littattafan aro za ta mayar.

Ranar Alhamis bayan an tashi daga kotu, Malam Zakariyya ya ari babbar rigar maƙwabcinsa mai ruwan ƙasa, ya sauya hula, ya je ya laɓe bayan masu lemo. Audu na sauke fasinja, tsohon ya yi wuf ya shige baya.

"Ina zuwa?" in ji Audu, bai waiwayo ba.

"Titin kotu."

"Ba na zuwa can, Alhaji, sai dai ka..." Sai ya ga fuskar a madubi.

Duk tashar sun san Audu ba ya bin titin kotu. Tun ranar da aka sallame shi bai sake sa tayarsa a kan titin nan ba, gara ya zagaya ta titin gidan zu ko da fasinja zai yi ta faɗa. Ya ja a hankali ya tsaya a gindin wata darbejiya, inji na ta karkarwa. Ya yi magana mai tsawo kansa a sunkuye. Malam Zakariyya yana ganin gefen bakinsa na motsi, amma ko kalma ɗaya ba ta iso ba.

Ga maganar da ya yi kwana uku yana nema ana faɗa, ga shi ba ya ji. Ya so ya gyaɗa kai kamar ya gane, yadda kurame ke yi don kunya. Sai ya tuna bai taɓa yi wa kowa haka a bakin aiki ba.

"Audu, kashe injin nan ka juyo. Kunnena ya tafi. Ban ji komai ba."

Audu ya kashe, ya juyo baki buɗe.

"Eh, kunnen da ya ji ka ranar nan, yau ba ya ji. Kai ne na farko da na faɗa wa. Gobe zan bar wajen, kuma jibi wani Audun zai shigo ya cire hula ya durƙusa. Ban zo in ƙwace maka 'ya ba, kai ka haife ta, abin da ka yanke shi ne. Tambaya ɗaya kawai na zo da ita, kuma ka san ta. Haƙurin da ka ba yarinyar nan, wane iri ne? Na wanda ya ƙi ne, ko na wanda yake tsoro?"

Audu ya murza makullin da ke wuyansa.

"Tsoro nake ji, Malam," ya ce da ƙarfi, don tsohon ya ji. "Har yau idan na ga ginin nan sai in kau da kai. Kwana goma sha ɗaya na yi ina shaƙar warin wajen. Yanzu in ɗauki 'yata in kai musu da hannuna? In ta koyi Turancinsu ta zama irin wancan da ya miƙe ya ce na amsa laifi fa? Da wane ido zan kalli mutane?"

"Wannan ban isa in rantse maka ba, Allah kaɗai ya san gobe. Abin da na sani, shekara bakwai tana tambayar me aka faɗa, me aka rubuta. A kanka ta koya."

Audu ya tayar da injin. Ya kai shi har ƙofar gida a Tarauni, ya ja adaidaitarsa ya tafi da makulli a wuya.

Ranar Juma'a aka shirya 'yar walima a harabar kotu, ƙarfe goma, don a tashi kafin masallaci. Aka kawo lemo da cincin, aka yi jawabai, aka ba shi agogon bango. Waɗanda suka halarta sun ce ko kalma ɗaya bai saurara ba, ba don kunne ba. Idonsa na kan ƙofar shiga. Goma da rabi ta wuce. Sha ɗaya saura kwata, Hajiya Uwani ta taɓa shi ta ce, "Malam, ka saki ranka, ka yi iya yinka." Bai ɗauke ido daga ƙofar ba.

Sha ɗaya da 'yan mintuna wata adaidaita ta karyo kwana ta shigo titin kotu, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ta tsaya daidai ƙofa. Audu ne, rigarsa ta jiƙe sharkaf. A baya Zahra'u ce rungume da farar ambulan mai ɗauke da takardunta.

Bai sauko ba. Ya leƙo da kai ya ɗaga murya yadda duk harabar sai da ta ji.

"Malam! Jami'a za mu, lokaci ya ƙure. Na ce sai mun biyo ta nan tukuna, in nuna mata inda za ta tsaya!"

Malam Zakariyya ya ajiye agogon bango a ƙasa. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana magana da harshe biyu, ranar nan ko ɗaya bai samu ba. Hannu kawai ya ɗaga musu yana korarsu, su yi sauri. Sun isa kafin a rufe.

Baba Tafinta, ba ka gina gidan sama ba, ba ka hau mota ba, da ƙafa ka shiga aikin nan da ƙafa ka fito. Amma kai ne ka ɗauki 'yar direban adaidaita daga bencin baya ka nuna mata gaba, kuma ba ka tsallake ubanta ba, sai da ka saurare shi da ɗan abin da ya rage maka na kunne. Zahra'u tana da sauran shekaru a gabanta, ga jami'a ga makarantar horar da lauyoyi, kuma hanyar ba sauƙi. Amma ƙamus ɗin nan mai leda yanzu a jakarta yake. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya, ya ja kwananka ka ga ranar da za ta miƙe a gaban alƙali.

Ku kuma ma'aikata, na kotu da na asibiti da na kowane ofis da talaka ke shiga da hula a hannu, ku duba bencin baya, akwai yaran da ke kallon yadda kuke yi. Ku ja ɗaya kusa. Idan kuma bawan Allah ya sunkuyar da kai ya ba ku haƙuri, kada ku yi saurin rubutawa, ku tambaye shi wane iri ne.

Mu mutanen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, shekara talatin da biyar kana wucewa ta gabanmu safe da yamma, ba mu taɓa tsayar da kai mun ce mun gode ba sai yau da za ka tafi. A yi haƙuri, Malam Zakariyya. Wannan ba sai ka tambaya ba, na amsa laifi ne.